Gishiri a Bakin Ƙofa

Ranar da muka dawo daga ƙona gawar kakana,
gwaggo Hisae ta tare ni a waje.
"Tsaya nan, kar ka tsallake dokin ƙofa."
Ta ɗebo gishiri da yatsu uku,
ta barbaɗa min a ƙirji, a baya, a kan takalmi.
Na ce, me na taka?
Ta ce, "Ba ka taka komai ba. Kegare ce."
Shekarata tara. Na shinshina hannun rigata,
ban ji wari ba, sai turaren haikali.

Na girma da kalmar kamar tsakuwa a takalmi.
Ita ce a jikin mai jego, ita ce a gidan makoki,
ita ce aka jinginar wa unguwar majema ta hayin kogi,
wadda manya kan sassauta murya in za su ambata.
Dauɗar da sabulu bai san gidanta ba.

Sai shekarar da teku ya hau tudu,
tashar nukiliya ta Fukushima ta amayar da abin da ido ba ya gani.
Mu kanya muke nomawa, manya, masu launin faɗuwar rana.
Mu fere, mu rataye a igiya,
iskar hunturu ta mai da su zuma.
Shekara biyu rumfar shanya sai igiyoyi ke lilo.
A ta uku na'urar awo ta ce lafiya lau.
Na aika kwali guda Osaka, gun tsohon abokin ciniki.
Ya dawo min a ɗaure yadda na ɗaure shi,
da 'yar takarda mai ladabi ƙwarai da gaske.
'Yata Sumire, da ta kai ziyara birni,
'ya'yan dangi suka bar mata tabarma guda ita kaɗai.

Maƙwabcina Tokuji, malamin da ya ajiye alli,
ya same ni zaune kan kwalin, ya zauna ba gayyata.
Ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya ci ɗaya, ya ci biyu,
da haƙoran da ba su kai goma ba.
Ya ce, "Akwai masana masu cewa kalma biyu aka ɗinke.
Ta fari 'ke', ƙarfin yau da kullum,
abin da ke tashe ka da asuba ka ɗora tukunya.
Ta biyu 'kareru', bushewa, irin ta ganye bayan kaka.
Wasu sun ce sam, kunne ne ya ji kama.
Ni dai ba na nan ran da aka raɗa mata suna."
Ya tofar da ƙwallon, ya miƙa hannu ya ɗauki ta uku.

Na kwana ina juya zancen.
In haka ne, ashe wanda muke gudu
ba ƙazanta ya ɗauko ba, rijiyarsa ce ta ja baya.
Mai jego ta zubar da jini, mai makoki ya zubar da hawaye,
sai muka ja da baya, muka toshe hanci,
a inda guga ya kamata mu kawo.
In kuwa ba haka ba ne, to, ban sani ba.
Tsoro ma yana da nasa asalin, ya girmi ƙamus.

Bara Tokuji ya tafi.
Muka dawo, Sumire ta riga ni ƙofa,
da ƙunshin gishirin da aka raba a wajen jana'iza.
Na yi niyyar hana ta, sai na tsaya shiru.
Ta barbaɗa, hannunta na rawa, kaɗan ya faɗa leɓena.
Ɗanɗanon teku ne, ɗanɗanon ido.

Ragowar na zuba a miya.
Na ɗauki tukunyar da zafinta, na tsallaka gida na gaba,
inda matarsa ke zaune ba ta kunna fitila ba.
Na cire takalmi, na shiga har ciki.